Yadda zaka yi rubutu irin na Rumawan da da hannunka, tun daga haɗa allo har ɗaure wasiƙa

Duk wanda aka ce masa rubutun Rumawa, abinda ke fara faɗo masa a rai shi ne manyan baƙaƙen nan masu kyau da aka sassaƙa jikin dutse, irin na gindin ginshiƙin sarki Trajan da aka kafa a birnin Rum a shekara ta 113 miladiyya, kowane harafi a miƙe ƙyam kamar soja a fareti. Toh wancan aikin masassaƙa ne, na ado ne da nuna isa. Mai sayar da hatsi, da soja mai rubuto wa gida, da yaron makaranta, da mai bin bashi, ba haka suke rubutu ba ko kusa. Rubutunsu na yau da kullum wani abu ne daban, siriri, a karkace, mai gudu, wanda in ka fara ganinsa zaka rantse ba haruffan boko bane. Su kansu sun san da haka, domin akwai wani marubucin wasan kwaikwayo Plautus da ya sa wani bawa a wasansa na wajen shekara 191 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya duba wasiƙar da budurwa ta aiko wa ubangidansa, yace haruffan nan hawa kan juna suke, wannan ai kaza ce ta rubuta.

Ni abinda na gane bayan na daɗe ina kallon hotunan rubutun nan shi ne ido kaɗai ba zai koya maka shi ba. Sai ka haɗa kayan da suka yi amfani da su ka sa hannunka, a nan ne zaka ga dalilin da yasa kowane harafi ya zama yadda ya zama. Kuma kayan duk ana samunsu a kasuwar kusa da kai.

Fara da allon kaki

Wannan shi ne littafin aljihun Barume. Katako ne ɗan fili kamar tafin hannun babban mutum, an ƙwaƙule tsakiyarsa kaɗan an bar masa baki a zagaye, sannan a zuba narkakken kakin zuma a cikin ramin. Kaje wajen kafinta ka ce ya yanko maka katako mai laushi guda biyu, tsawon santimita 14 faɗin 11 ya isa, ya ƙwaƙule cikin kowanne zurfin milimita 2 zuwa 3, ya bar baki kamar faɗin yatsa a kowane gefe. In ƙwaƙulewar zata yi tsada akwai hanya mai sauƙi, a samu falle ɗaya na filawud a manna masa siraran katako a gefuna huɗu, ya zama kamar ɗan faranti. Ka ce ya huda ramuka biyu a gefe ɗaya na kowanne domin zare da zai haɗa su su riƙa buɗewa suna rufewa. Rumawa na haɗa biyu ko uku ko fiye, kuma sunan da suke kiran irin wannan haɗin, caudex ko codex, shi ne daga baya ya koma sunan littafi mai shafuka.

Kakin zuma kuma ka nema wajen masu sayar da zuma, na asali, banda kyandir ɗin shago domin shi fashewa yake yana ɓarɓashi in ka ja layi. Ka sa kakin a gwangwanin madara ko na tumatir, ka ɗora gwangwanin cikin tukunya mai ruwan zafi, kar ka ɗora shi kai tsaye kan wuta don Allah, kaki yana kamawa da wuta kuma in ya kama ba'a kashe shi da ruwa. Yana narkewa da zafi ya kai wajen digiri 63, ba ya buƙatar wuta mai yawa. In ya narke sai ka kankaro baƙin gindin tukunya, ko na gilashin fitilar ƙwai in kana da ita, ka zuba kamar rabin ƙaramin cokali ka juya sosai har ya yi baƙi ƙirin. Baƙin nan ba kwalliya bace, shi ke sa layin da ka ja ya fito a gani, domin a farin kaki sai ka yi ta karkata allon kafin ka ga abinda ka rubuta.

Sai ka ajiye katakon a wuri mai daidai, ka zuba kakin a hankali daga tsakiya ya bi gefuna da kansa, kar ya cika har baki, ka bar ɗan sarari saboda in an rufe allunan biyu fuskokinsu kar su taɓa juna rubutu ya goge. Karon farko da na zuba nawa lokacin hunturu ne, da sassafe, katakon yayi sanyi, kakin na taɓa shi ya daskare a tsakiya ya bar gefuna fayau, da ya bushe kuma ya ja jiki ya tsage. Abinda ya gyara min shi ne na shanya katakon a rana ya ɗauki ɗumi kafin in zuba, sannan na ɗiga man zaitun kaɗan cikin kakin, ya yi laushi daidai. A bazara kuma akasin haka ne, kar ka sa mai ko kaɗan, kuma kar ka bar allon a mota ko bakin taga.

Tsinken rubutu

Su suna ce masa stilus, yawanci na ƙarfe ne ko tagulla ko ƙashi, gefe ɗaya mai tsini na rubutu ɗaya gefen mai faɗi na gogewa. Ka samu ƙusa inci 6 ka kai wa maƙeri ya buga kanta ya baje kamar bakin ƙaramin cokali, ya kuma rage kaifin tsinin kaɗan, ko ka yi da basilla. In kayi kuskure sai ka juya tsinken ka murje wurin da mai faɗin, in ka ɗan ɗumama shi a tafin hannu ko jikin kofin shayi yafi saurin shafewa. Mawaƙinsu Horace yana ba masu son rubutu mai kyau shawara su yawaita juya tsinke, wato su yawaita gyara, malamin balaga Quintilian shi ma yace a fi yin rubutun farko a kaki saboda sauƙin gogewa.

Yanzu kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, yi wannan gwajin, shi ne ginshiƙin komai. Riƙe allon a hannun hagu, ka ja layi daga sama zuwa ƙasa. Zaka ji ya tafi sumul. Toh yanzu tura tsinken daga ƙasa zuwa sama, ko ka gwada zana da'ira a ja ɗaya. Zaka ji yana turjewa, yana huɗa kakin kamar garma, ɓarɓashi na taruwa a bakinsa. Shikenan ka gano sirrin. Mai rubutu a kaki ja yake yi baya turawa, yana ɗaga hannu bayan kowane ɗan layi, saboda haka haruffansa suka kakkarye suka koma gajerun layuka masu gangarowa ƙasa. Ka cika allo ɗaya da layukan tsaye kawai masu ɗan karkata, ka goge, ka sake, har hannunka ya san nauyin da zai sa. Kar ka danna da ƙarfi har ka taɓa katako. Ko da yake danna ƙarfin da wasu suka yi shi ya amfane mu yau, domin alluna 405 da aka tono a Landan wajen ginin ofishin Bloomberg kakinsu ya riga ya lalace tuntuni, sawun tsinken da ya ratsa ya karci katako shi masani Roger Tomlin ya bi ya karanta, a ciki har da takardar bashin dinari 105 mai kwanan wata 8 ga Janairu shekara ta 57.

Haruffan kansu

Nan ne zaka daɗe, kuma ya kamata ka daɗe. Salon da zamu koya shi ne tsohon rubutun gudu, wanda aka yi amfani da shi tun wajen ƙarni na 1 kafin miladiyya har cikin ƙarni na 3. Haruffansu 23 ne, babu J babu W, kuma U da V abu ɗaya ne. Babu babban baƙi da ƙaramin baƙi, duk ɗaya ne. Shawarar da zan baka ita ce kar ka haddace kamannin harafi, ka haddace ja nawa ake yi masa da inda kowane ja ke farawa, domin kamanni na canzawa daga hannu zuwa hannu amma tsarin jan baya canzawa sosai.

Fara da masu ban mamaki. E a kan kaki layi biyu ne a tsaye gefe da gefe, kamar ka rubuta 11, babu layukan kwance ukun nan ko ɗaya. F kuma dogon layi ɗaya da gajere a gefensa na dama daga sama. M a wasu hannuwan, musamman a garin Pompei na Italiya, layi huɗu ne a tsaye, na farko ya ɗan fi tsawo. Kaga in kalma tana da E da M a jere sai ka ga layuka shida a tsaye kamar shingen kara, dole sai ka ƙirga. O ja biyu ne, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama kamar baka biyu suna fuskantar juna, sau da yawa ma basa haɗuwa a ƙasa.

A bashi da layin tsakiya a yawancin hannuwa. Ja na farko daga sama ya gangaro hagu, na biyu ya faro ɗan sama da shi ya gangara dama. R ɗan'uwansa ne na kusa kuma su biyun ne suka fi rikita mai koyo, bambancin shi ne ƙafar R ta farko doguwa ce tana zarcewa ƙasan layi, ja na biyu kuma yana da ɗan lanƙwasa kamar igiyar ruwa kafin ya tafi dama.

B shi ne wanda ya fi wahalar da ni kuma nasan zai wahalar da kai. Cikinsa a hagu yake ba a dama ba, saboda haka idonka da ya saba da boko zai ce maka d ne. Yadda ake yinsa, ka fara ɗan ƙaramin ciki a ƙasa ta hagu, sannan ka ɗaga hannu ka faro dogon ja daga can sama, da ɗan ƙugiya a kansa, ya gangaro ya rufe cikin ta dama. D na gaskiya shi ma cikinsa a hagu yake, amma jansa na biyu a kwance-kwance yake, yana tasowa daga hagu sama ya gangaro dama, bai kai na B tsawo da miƙewa ba. Ka rubuta su a jere, B D B D, layi biyar, kana faɗin sunansu da baki.

S ba macijin nan mai lanƙwasa biyu bane, dogon layi ne ya sauka ƙasa sannan wani ɗan ja daga kansa ya harba sama ta dama. P cikinsa baya rufewa, layi ne a tsaye da ɗan guntun ja a kansa mai gangarowa, shi yasa yake kama da T da kuma C, su ukun sai ka lura da kan nasu, na T a kwance yake ya ratsa hagu da dama, na P ta dama kawai yake ya sunkuya, na C kuma ya ɗan ɗaga. Q ɗan ƙaramin ido ne da doguwar wutsiya da ke ratsawa ƙasa ta dama. L ƙafarsa na zamewa ƙarƙashin harafin da ke binsa. V a buɗe yake kamar ƙaramar ƙwarya, wani lokacin ma a rataye sama da layi. H kuwa tuni ya zama kamar ƙaramin h namu na yau. Sauran, I da N da G da X da K da Y da Z, ba zasu baka wahala ba.

Quintilian ya bada wata dabara ta koya wa yara, a sassaƙa haruffa a jikin katako yaro ya riƙa bin ramin da tsinke har hannunsa ya saba. Kai ma zaka iya yin irinta, ka buga hoton haruffan a takarda, ka ɗora kan kakin ka bi da tsinke a hankali ya bar sawu, sannan ka cire takardar ka bi sawun.

Tawada da alƙalami

Wanda ya yi makarantar allo a nan zai ji kamar gida ya dawo. Tawadar Rumawa, atramentum, baƙin hayaƙi ne da ƙaro da ruwa, masanin gine-ginensu Vitruvius ma ya bayyana yadda ake ƙona ɗanko a tara hayaƙin a gauraya da ƙaro. Kusan irin haɗin da almajiri ke yi kenan in ya kankaro gindin tukunya ya jiƙa ƙaro. Ka jiƙa ƙaro ɗan kaɗan a ruwan ɗumi ya kwana, ka tace, ka riƙa zuba baƙin kana murzawa da bayan cokali har ya daina gudaji. In ka rubuta ya bushe ka shafa da yatsa ya biyo ka, ƙaro yayi kaɗan, in kuma yana ƙyalli yana ɓamɓarewa, yayi yawa. Irin wannan tawadar ana wanke ta da jiƙaƙƙen soso, yadda ake wanke allo.

Alƙalaminsu na kara ne da aka fere aka tsaga bakinsa, sunansa calamus, kuma shi da kalmarmu alƙalami tushensu ɗaya ne, kalmar Girkanci kalamos, mu ta Larabci ta iso mana. Alƙalamin gamba da aka saba ferewa zai yi, sai dai ka fere bakin siriri, kar ka yi masa faɗi irin na rubutun allo, domin rubutun gudu na Rumawa kusan kaurin layinsa ɗaya ne ko'ina.

A kan me zaka rubuta? Masu hali suna da takardar papirus daga Masar. Sojojin sansanin Bu Njem a hamadar Libiya a ƙarni na 3 a kan fasassun tukwane suke rubuta rahoton yau da kullum, kai ma katangar fasasshen tulu zata yi maka. Amma wanda na fi so ka gwada shi ne na Vindolanda, wani sansanin soja a arewacin Ingila kusa da inda daga baya aka gina ganuwar sarki Hadrian. A can itace suke ferewa siriri, kaurinsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, girmansa kamar katin gayyatar biki. A 1973 masanin tonon kayan tarihi Robin Birley ya fara cin karo da su cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa da iska bata shiga, wadda ita ta hana su ruɓewa, kuma da suka sha iska rubutun ya dushe sai da aka ɗauki hotonsu da wani haske na musamman da ido baya gani kafin ya sake fitowa. An samu ɗaruruwa, yawancinsu na wajen shekara ta 100. Ka roƙi kafinta ragowar siririn fallen katakon da ake manna wa fuskar kabad, ka goge shi da samfefa mai laushi, shi ne mafi kusa da nasu.

Da tawada zaka ga haruffan sun ɗan sake jiki. E ya daina zama layi biyu ya koma kamar dogon C mai harshe a tsakiya, M ya haɗu, kuma harshen E ɗin nan shi ke miƙewa ya kama harafin gaba. Haɗin E da T na kalmar et, wato "da", shi ne asalin alamar & da ke kan madannin wayarka.

Jera kalmomi

Kar ka sa waƙafi ko aya ko alamar tambaya, basu da su yadda muka sani. Marubutan farko-farko na ɗiga ɗigo a tsakiyar layi tsakanin kalma da kalma, daga baya cikin ƙarni na 2 aka yi ta barin ɗigon, kalmomi suka riƙa mannewa. Ka fara da ɗigon, yafi sauƙi. In kalma bata ƙare ba layi ya ƙare, ka yanke ta kawai ka ci gaba a ƙasa. Marubucin tarihinsu Suetonius da ya ga rubutun hannun sarki Augustus yace shi baya tsallaka ragowar haruffa zuwa sabon layi, a ƙarƙashin kalmar yake rubuta su ya zagaye su da layi, in kana so ka kwaikwayi wannan.

Sannan gajarce kalma, wannan kam jininsu ne. Sunan farko na namiji kusan kullum a gajarce yake, M Marcus, L Lucius, T Titus, C kuma Gaius ne ba da C ake faɗinsa ba. COS na nufin consul, manyan shugabanni biyu da ake kiran shekara da sunansu. HS kuɗin sestertius, X mai layi a tsakiya kuma dinari.

Rubuta wasiƙarka ta farko

Ka ɗauki fallen itacenka a kwance, faɗinsa daga hagu zuwa dama, ka ɗan karce tsakiyarsa da wuƙa daga sama zuwa ƙasa ba tare da ka raba shi ba, ya zama shafi biyu. Zaka cika na hagu sannan ka koma na dama. Layin farko sunanka, sai sunan wanda kake aika wa, sai kalmar salutem, wato gaisuwa, ita a kan ajiye ta can ƙarshen layi ta dama. Abin koyi mafi kyau shi ne wasiƙar da Claudia Severa ta aika wa ƙawarta Sulpicia Lepidina, matar Flavius Cerialis kwamandan runduna ta 9 ta Batabiyawa (wata ƙabila daga yankin Holan na yau) a Vindolanda, tana gayyatarta bikin ranar haihuwarta. Ta fara da Cl Severa Lepidinae suae salutem, sannan iii Idus Septembres soror.

Wannan kwanan watan sai an yi maka bayani. Basa ƙirga ranaku daga 1 zuwa 30, rana uku suke da su a wata da ake ƙirgawa zuwa gare su, Kalendae ranar 1, Nonae ranar 5, Idus ranar 13, amma a Maris da Mayu da Yuli da Oktoba Nonae na komawa 7 Idus kuma 15. Kana faɗin saura kwana nawa a kai ranar, kuma kana haɗawa da ranar da kake ciki da ranar da zaka je. Idus na Satumba 13 ne, ka ƙirgo baya 13, 12, 11, uku kenan, wato 11 ga Satumba ne bikin. Gwada da ranar haihuwarka, in ta wuce Idus sai ka ƙirga zuwa Kalendae na watan gaba.

Abinda ke taɓa min zuciya a wasiƙar nan duk sanda na buɗe hotonta shi ne ƙasan shafi na biyu. Jikin wasiƙar magatakarda ne ya rubuta, hannu mai kyau siriri gwanin sha'awa, amma a kusurwar ƙasa ta dama sai hannu ya canza, haruffan suka zama masu ɗan nauyi a cunkushe, nan ita Severa ce ta karɓi alƙalamin da kanta ta rubuta sperabo te soror, vale soror anima mea, wato ina sa ranki 'yar'uwa, ki zauna lafiya 'yar'uwa, raina. Yana cikin rubutun hannun mace da Latin mafi daɗewa da aka sani. Haka al'adarsu take, ko wani ya rubuta maka, sallamar ƙarshe da hannunka zaka yi. Toh kai ma ka bar wuri a ƙasa ka rufe da vale.

In Latin yayi maka nisa ba laifi, rubuta Hausa da haruffan nasu, V ya tsaya a madadin U da W, I a madadin J da Y, masu lanƙwasa kuma ka barsu ba lanƙwasa. "Ina gaisuwa" zai zama INA GAISVVA. Hannu ake horarwa a wannan matakin ba harshe ba.

Karanta na asali

Bayan kamar sati biyu kana rubutu kullum, nemi hotunan allunan Vindolanda a intanet, an saka su kyauta tare da abinda masana irin su Alan Bowman da David Thomas suka karanto, na Severa shi ne mai lamba 291. Ka rufe fassarar da hannu tukuna. Nemi abinda ka riga ka san dole yana wurin, salutem a sama, vale a ƙasa, daga cikinsu ka samu S da A da L da E na wannan marubucin, ka zana su a gefe, domin kowane hannu da nasa hali. Sannan ka bi layi kana neman dogayen haruffa da suka fita sama ko ƙasa, B da S da R da Q, su ne turakun da zaka ɗaure sauran a jiki. Inda ka maƙale kar ka tsaya kallo, ɗauki alƙalami ka kwaikwayi wurin ja bayan ja, wallahi sau da yawa hannu ke gaya maka harafin kafin ido.

Daga nan ka shiga lamba 346, inda wani ke sanar da soja an aiko masa safa da takalma da kamfai, da 628 inda wani jami'in mahaya Masclus ke neman umarni daga Cerialis ya ƙara da cewa abokan aikinsa giyarsu ta ƙare a aiko. Na kaki kuwa sun fi wuya, ka barsu sai daga baya, akwai rasit 153 na wani mai gwanjo kuma mai harkar kuɗi Caecilius Iucundus da aka samu a gidansa a Pompei a 1875, garin da dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, da kuma rubuce-rubucen da mutane suka karce a bangon garin, da ƙananan fallayen dalma wajen 130 na garin Bath a Ingila inda waɗanda aka yi wa sata ke kai ƙara wajen abar bautarsu, wani ma safar hannunsa guda biyu aka ɗauke. In ka ci karo da rubutun da B ɗinsa ya juyo da ciki dama kamar namu, toh ka shigo sabon salon da ya karɓi wuri daga ƙarni na 3, wanda ta hanyarsa ƙananan baƙaƙen boko suka samo asali, shi darasinsa daban ne.

Naɗewa da ɗaurewa

In tawada ta bushe ka ninke fallen a kan karcen tsakiyar nan, rubutu na ciki. In itacen na neman karyewa ka ɗan shafa ruwa a bayan karcen ka jira minti biyu. Ka yanka 'yan ƙananan tsagi masu kamar V a gefuna inda zare zai zauna, ka ɗaure. A bayan ka rubuta sunan mai karɓa da manyan haruffa dogaye sirara, sunanka kuma ƙanana a ƙasa a karkace da a ko ab a gabansa, wato "daga". Severa ta sa Sulpiciae Lepidinae Cerialis, a ƙasa a Severa.

Allon kaki kuma in takardar yarjejeniya ce ko bashi, tun zamanin sarki Nero aka kafa dokar sai an huda allunan an zura zare sau uku kafin a buga hatimi, don kar wani ya buɗe ya murje lamba ya canza. Ka rufe naka fuska da fuska, ka zagaya zaren sau uku ka ƙulla a baya, ka ɗiga narkakken kaki kan ƙullin, ka jira ya fara yin fata-fata a sama sannan ka danna zobe ko kwabo. Ka ɗan jiƙa zoben da ruwa kafin ka danna, in ba haka ba kakin zai biyo shi ya taso.